Hannuwan Klaudiya

Kabong, Jos
Talata, 8 ga Oktoba, 2024

Jabiru,

Har yau ban yafe maka ba. Na fara da wannan ne don kada ka ga takarda daga wurina ka ɗauka tsufa ya sa na manta. Yaron da na zaunar a kan tabarma ina koya masa sunayen ƙasusuwan jiki tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba, ya samu gurbin karatun likita, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya je ya hau keken ɗinkin ubansa. Ni ina aji uku aka fitar da ni daga wannan karatu, don an ba ɗan wani babba tallafin da yake nawa, na ƙare da alli a hannu. Kai kuwa da ƙafarka ka fita. Yanzu kana Jidda kana yi wa Larabawa kalmasar jallabiya. To, Allah ya ba da kasuwa.

Bayan haka ina gaishe ka. Yaya aiki, yaya zafin ƙasar? Yaya labarin maiɗakinka da yara a Kano? Mu nan ruwa yana ɗaukewa. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, kunne kuwa ya ƙarasa tafiya, shi ya sa ba na waya. Da hannu nake rubutawa, matata Abigel ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Na san tana karantawa kafin ta tura. Abigel, ke ma ina gaishe ki.

Yanzu ka nemi wuri ka zauna. Jiya da hantsi mahaifiyarka Klaudiya tana tsince acca a tsakar gida, ta ce kanta yana sara mata, ta nemi ruwa. Kafin Abigel ta kawo, ta zame daga kan kujera. Hawan jinin nan ne da take ɓoye maganinsa a ƙarƙashin filo. Jijiya ta fashe a cikin kanta. Tana asibiti, an sa mata injin numfashi. Likitar da ke kanta wata yarinya ce, Dakta Uju. Na je da niyyar in kama ta da kuskure, ban samu ba. Ta haska idon Klaudiya da tocila, ƙwayar ba ta tsuke ba. Ta taɓa shi da auduga, ba ta ƙifta ba. Sun ce za su sake gwaji ranar Alhamis kafin su faɗi magana ta ƙarshe.

Gwaggonka Hassana ta zo daga cikin gari tun jiya, ita da Abigel suna karɓa-karɓa a bakin gadon. Ɗazu Hassana tana shafa wa Klaudiya mai a ƙafa, sai yatsun suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, gwaggon taka ta saki salati. Kada wannan ya dame ka, ana ganin haka.

In kana da halin zuwa, ka zo.

Kawunka,
Dalyop

Jidda
Laraba, 9 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina lafiya, iyali ma na ji su jiya, suna gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Faɗan kuma na karɓa. Ya zame mini kamar sallama. Ranar da ka rubuto babu shi, zan san ba ka da lafiya.

A bayan shago na karanta takardar, na nemi wuri na zauna. Amma da na kai wurin yatsun sai na yi hamdala. Kai da kanka ka ce kada in damu, kuma na san ba ka faɗin abin da ba ka tabbatar ba. Ka manta Mama ba ta son a taɓa mata tafin ƙafa? Ko barci take, ka ɗan shafa, sai ta naɗe ta ce, "Wane ɗan banza ne?" Wanda ya tafi ai ba ya jin cakulkuli. Tana nan ciki, Kawu, gajiya ce.

Maganar zuwa ita ce ta hana ni sukuni. Fasfona yana hannun maigida, shi kuma ya tafi Riyad, ya ce sai ya dawo. Ina bin sa da waya har ya fara ƙin ɗauka.

Na ɗauki muryata ina yi mata karatu da addu'a, na tura wa Gwaggo Hassana ta riƙa sa mata a kunne. Ka gaishe mini da Mama Abigel, ka ce na gode da ɗawainiya, kuma ta ci gaba da karantawa, ba ni da sirri. In Mama ta buɗe ido ka ce mata na ɗinka mata wata doguwar riga mai ruwan toka, kuma wannan karon na tuna da aljihu.

Ɗanka,
Jabir

Kabong
Alhamis, 10 ga Oktoba

Jabiru,

Ina gaishe ka. Muna nan yadda muke. Na ga ka ɗauki layi ɗaya a takardata ka bar sauran. Da na ce kada ya dame ka, nufina kada ka ɗora komai a kansa. Yau zan rubuta dalla-dalla.

Da safe suka yi gwajin. Dakta Uju ta bar ni na tsaya, wai tunda na taɓa sa farar riga. Sun ɗiga ruwan sanyi a kunnenta, idon bai juya ba. Sun cire injin na ɗan lokaci don su ga ko ƙirjin zai nemi iska da kansa. Bai nema ba. Suka mayar. Ƙwaƙwalwarta ta mutu, Jabiru, gaba ɗayanta. Zuciya tana bugawa ne don inji yana hura mata iska, ita ma ba za ta daɗe ba.

To, ga abin da za ka ji daga bakin mata, gara ka ji daga nawa. Bayan gwajin aka bar su suka shigo. Hassana ta tsaya ta dama da wayarta a kunnen Klaudiya, muryarka tana fita. Abigel ta tsaya ta hagu da carbinta. Nas ta tallafo kan za ta canza filo, wuyan ya lanƙwaso gaba. Sai hannuwan biyu suka tashi daga kan katifa a hankali, gwiwar hannu ta naɗe, suka yi sama, suka sauko suka haɗu a kan ƙirji, ɗaya bisa ɗaya. Ni da na san sunan abin a littafi, sai da na dafa bango.

Ko da kunnen nan nawa na ji ihunsu. Hassana ta kira ta da sunanta na Musulunci, ta ce, "Allahu Akbar! Kabbara ta yi! Fiddausi ta ji muryar ɗanta ta tayar da salla!"

Abigel ta ce, "Wace salla? Gicciye ta yi! Klaudiya ta dawo gida!"

"Ke Abigel, ina kika taɓa ganin gicciye da ɗaga hannu har kunne?"

"Har kunne a ina? Ƙirji dai. Ko tabarau ɗinki ne kika bari a gida yau ma?"

Nas ta kore su waje. Na same su a kan benci sun juya wa juna baya, suna cin waina daga kwano ɗaya.

Ka saurare ni. Akwai motsin da ba ya bi ta ƙwaƙwalwa. Lakar da ke cikin ƙashin baya tana da nata hanyoyi: saƙo ya shigo daga fata ko jijiya, ya juya a nan, ya koma tsoka, ba tare da ya hau sama ba. In ƙwaƙwalwa tana da rai ita ke danne su. In ta mutu sai su yi abin da suka ga dama muddin jini yana kai musu. Ka tuna kwaɗon da na nuna muku a aji, wanda muka lalata wa ƙwaƙwalwa, muka ɗiga masa tsami a baya, ya ɗaga ƙafa ya share? Kun yi ta ihu wai yana da rai. Ba shi da shi. Abin da na gani yau ke nan. Wuya aka lanƙwasa, hannu ya amsa. Ba ta ji ka ba, ba ta ji Abigel ba.

Kuma ka gaya wa gwaggonka, marigayi ubanka Lukuman da sakin hannu yake salla irin ta mutanen da, a wurinsa kuma matarsa ta koya. Sau nawa na zauna a shagonsa na Tudun Wada ina jira su idar. Ban taɓa ganin ta kama hannu a ƙirji ba. Abigel ma na gaya mata, ko muna yara Klaudiya da yatsa take gicciye, a gurguje, kamar mai korar ƙuda.

Abigel ta riga ta fara maganar ƙauye, wai akwai wuri kusa da kabarin uwarmu. Hassana ta ce ba za ta saɓu ba.

Kawunka,
Dalyop

Jidda
Juma'a, 11 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fatan kun tashi lafiya. Ni dai ga ni nan.

Gwaggo ta kira ni tun kafin takardarka ta iso, tana kuka tana dariya. Na yi sujada a tsakiyar shago, abokan aiki suka yi ta yi mini barka. Sai ga taka.

Kwaɗo, Kawu? Uwata, ƙanwarka ciki ɗaya, tana kwance, ba ka samu abin da za ka kwatanta ta da shi ba sai kwaɗon da aka tsire a kan katako? Na karanta wurin har wayar ta faɗi daga hannuna.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Tun da Baba ya rasu ta koma gidanka, ban sake ganinta da hijabi ba. Na san dalili: bayan rikicin addinin nan na Jos, wa zai fita da hijabi a Kabong? A can ita Klaudiya ce, in ta zo wurinmu Kano kuma Fiddausi. Ban taɓa tambayarta ba, ina tsoron amsar. Kai ba ka san nauyin abin a wurina ba. In a Musulunci ta cika, zan roƙa mata gafara bayan kowace salla har in mutu, in yi mata umara, in yi sadaka da sunanta. In ba haka ba, an hana ni. Zan ɗaga hannu in ambaci Baba, in zo kanta in yi shiru. Ka gane? Ba rami nake jayayya a kai ba.

Jiya na samu amsata, ka zo ka ƙwace. Ka ce ba kabbara ba ce. To, in aka ce ba komai ba ce, wa ya ci riba? Tana gidanku, kai ne babba, ƙauye yana jira. Ban taɓa zaton haka daga wurinka ba.

Jabir

Kabong
Asabar, 12 ga Oktoba

Jabiru,

Ina gaishe ka duk da haka. Jinin mahaifiyarka ya fara sauka, suna ta ƙara mata ruwa da magani. Yau yatsan hannunta na hagu ya riƙa harbawa. Matan sun kalle shi, sun kalle ni.

Malami ne ni, da abin da na koyar nake misali. Ban ce uwarka kwaɗo ba ce. Ita ce ta goya ni ranar da kunama ta harbe ni a gona, alhali na girme ta, ƙafafuna suna jan ƙasa. Wannan ita ce Klaudiya. Abin da ya ɗaga hannu ranar Alhamis ba ita ba ce, shi ya sa na ƙi a sa mata magana a baki da shi, ko taku ko tamu.

Riba kuma, ni da Fada, limamin cocinmu, mun daɗe ba ma ga-maciji. Abigel ce ke zuwa coci a madadin gidan nan.

Ka tambayi abin da ya fi ƙarfin hannuwa, to ga abin da na gani a zamanta da mu, ka auna da kanka. In azuminku ya zo, sai ta ce cikinta ba ya son abincin rana. In namu ya zo, nan ma cikin ya ƙi. Akwai buta a bayan ƙofarta, amma ta ce ta ban-ruwan barkono ce, kuma barkonon yana nan a gwangwani. Ita ke ɗinka wa zumuntar matan coci kayansu, ta fi Abigel iya waƙoƙinsu, amma ranar Lahadi sai ta ce wani ya tsaya ya tsare gida. Tana rufe ɗakinta da rana, ban san ko salla take ba ko gyangyaɗi. Naman da ba ku ci kuwa, tun shigowarta bai sake shiga tukunyar gidan nan ba. Wannan asarar ni na yi ta.

Iyakar abin da na sani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Lokaci ya matse. In zuciyar ta tsaya, dole wani ya ce ga inda za a kai ta, kuma ni za su kalla. Ka rubuto ko da zagi ne.

Kawunka,
Dalyop

Jidda
Lahadi, 13 ga Oktoba

Kawu,

Barka da safiya. Ina fatan gwiwa ta bar ka ka yi barci.

Jiya na ga takardarka na ƙi amsawa, don ina jin kunya. Ka yafe mini. Gaskiyarka ne, da sakin hannu Mama take salla. Ina ƙarami nakan kama yatsanta tana tsaye, ta matse nawa ba tare da ta waiwayo ba. Na san haka tun da Gwaggo ta kira, na danne.

Maigida bai dawo ba. Ba zan iso ba.

Na yi tunani. Da gidanmu ya watse, kai ka buɗe mata ƙofa a lokacin da buɗewar ke da haɗari. Mama Abigel ce ta yi jinyarta, ni ina nan ina kalmasa, kamar yadda ka ce. Ba ni da bakin da zan karɓe ta daga hannunku. In lokaci ya yi, ku kai ta ƙauye kusa da Kaka. Zan yi wa Gwaggo magana da kaina in rana ta yi, yanzu ba zan iya jin kukanta ba. Abin da ke tsakanin Mama da Ubangijinta ba ni zan yanke ba. Zan riƙa ciyar da mabukata, ba sai na ambaci suna ba, Shi ya san don wa.

Ka sa hannunka a goshinta a madadina.

Ɗanka,
Jabir

Kabong
Litinin, 14 ga Oktoba

Jabiru ɗana,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya, kai ma ka yi mini. Na san Hassana ta kira ka. Ga yadda abin ya kasance.

Jiya da hantsi zuciyar ta tsaya. Ba ta motsa ba, ko yatsa. Ni da Hassana ne a wurin, Abigel tana coci ta kashe waya. Dakta Uju ta kashe injin, ɗakin ya yi tsit har ni na lura. Na aika aka kira Abigel.

Da ta iso suka tsaya su biyu suna kallona. Na ce musu hannuwa ba su ce komai ba, don haka zan bi abin da baki ya faɗa. Baftismar da aka yi mata tana jaririya, wasu suka amsa a madadinta. Amma ranar da za ta auri Lukuman, ina tsaye a bakin zaure ina huci, na ji ta da kunnena, lokacin yana aiki, ta faɗi kalmar shahadarku a gaban malami, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Daga ranar har ta faɗi a tsakar gidana ban ji ta janye ba. Magana ɗaya ke nan da na taɓa ji daga bakinta a kan wannan. Na ce Hassana ta ɗauke ta.

Abigel ta ce, "Dalyop, ka ba da ƙanwarka?" Na ce ɗanta yana bukatarta fiye da ƙasar ƙauye. Ta yi kuka sosai. Daga baya ta tashi ta sayo sabulu da turare ta miƙa wa Hassana, ta zauna a bakin ƙofar da ake wankan tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Hassana ta leƙo ta ce, "Ki ɗaga murya mana, ai ta fi ki iyawa, za ta gyara miki." Suka rungume juna.

Don haka ka roƙa mata gafara, ka ambaci sunanta da ƙarfi, duk wanda ka ga dama a cikin biyun. In wani malami ya tambaye ka shaida, ka ce wani tsohon Kirista mai taurin kai ne ya bayar.

Takardarka ta jiya kuwa, sai da yamma Abigel ta tuna da wayar a jakarta. Mun karanta tare. Ta tashi ta shiga ɗaki. Kada ka sa wa ranka damuwa, ko ta iso da safe ban san abin da zan yi ba. Goshin dai na riga na sa hannu kafin ka roƙa.

Mijin Hassana da 'yan'uwan ubanka suka ɗauke ta bayan azahar. Na tari keke napep na bi motar. Da muka kai gadar da ta raba ɓangarenmu da cikin gari, mai keken, wani Fabian ɗan unguwarmu, ya tsaya ya ce shi ba ya wuce nan, matarsa ta sa shi rantsuwa. Na sauka da sandata. Kafin in samu wani, motar ta sha kwana. Na tsaya a bakin titi har aka kira la'asar, sannan na dawo gida.

Mijin Hassana ya ce jama'a sun taru, an yi mata salla, an sa ta a gefen yamma na maƙabarta. Na tambaye shi ko an kafa wani abu a kai, ya ce ba a yi. Ya ce a ranar ma an binne wasu a jere da ita.

Ban ga kabarinta ba, Jabiru, kuma ban san inda yake ba.

Kawunka,
Dalyop